Wanda Ya Ɗumama wa Yaya Inji

Yayata mai kitso ce, kuma duk wadda ta taɓa ajiye kai a tsakanin gwiwoyinta ba ta buƙatar a yi mata bayanin azaba. Hannunta na dama shi ne mai suna. Shi ke tsaga da kibiya, shi ke saƙa, shi mata ke yabo in sun ga kan wata a ofis ko a kasuwa. Amma mu da muka zauna a gabanta mun san na hagun ne mugun. Shi ke kama gashi tun daga tushe, ya riƙe kamar ya kama ɓarawo. In Yaya ta gama miki kitso, girarki takan ɗaga sama ta zauna a can, duk wanda ya gan ki sai ya zaci wani labari mai ban mamaki aka faɗa miki.

Ni na fi kowa shan wannan hannu, don ni ce auta. Mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, Yaya kuwa ko sakandare ba ta gama ba. Ta ajiye littafi ta ɗauki kibiya, ta fara a bakin ƙofar gida a kan 'ya'yan maƙwabta, har ta kama wani ɗan ɗaki tsakanin shagon tela da na mai sayar da magani. A ɗakin nan ta ciyar da mu, ta sa mu makaranta, ta aurar da mu, daga baya ta goyi nata 'ya'yan. Ɗakin bai taɓa canzawa ba. Madubi mai tsaguwa a kusurwa, fanka da ke juyawa gefe ɗaya ta maƙale, kujera 'yar tsugunno da ta yi santsi saboda zama, da hotunan kitso a bango waɗanda rana ta ci har matan ciki suka koma kamar fatalwa. In aka ce mata ta gyara wurin, sai ta ce mata ba bango suke zuwa kallo ba.

Kalmar da ta fi yawa a bakin Yaya ita ce "Bar shi." Ki ɗaukar mata jaka, ta ce bar shi. Ki ce za ki share mata shago, bar shi. Tana zazzaɓi jikinta na rawa ki ce ta kwanta, ta ce wa zai ƙarasa kan da ta fara. Ni kuwa tun ina yarinya har furfura ta fara leƙo min a gefen kunne, ba wani hannu da ya taɓa kaina sai nata. Kullum sai na yi ƙorafi, kullum sai ta ƙwanƙwashe ni da bayan mataji ta ce, "Raki. Tsaya mana." Da wannan muka tsufa.

Mijinta direba ne. Ya yi wa wani kamfanin rarraba kaya tuƙi har ya yi ritaya, sunan ya biyo shi gida, har jikokinsa Direba suke ce masa. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, ko da yake ban san wanda zai gwada hakan ya ci riba ba. Aƙidarsa ɗaya ce a duniya: ba a sa inji aiki yana sanyi. Kowace safiya sai ya tayar da motarsa ya zauna a ciki, ya karkata kai yana sauraro kamar likita a kan ƙirjin yaro, ko da ranar ba inda za shi. Da ya bar aiki sai aƙidar ta shigo cikin gida. Janareta sai ya yi ta kukan banza kafin a jona masa ko ƙwan fitila. Fanka a lamba ta farko take farawa, ko da gumi na zuba a idon baƙo. Rediyo ma sai ya kunna ta a hankali ta yi ta raɗa, wai ta farfaɗo, kafin ya ƙara murya, lokacin kuwa an gama labarai. Yaya takan ce da yana da iko, da cokali ma sai ya ɗumama shi kafin a ci abinci.

Ranar da abin ya faru, kaina ne a hannunta. Ta gama rabi, tana tsaga na gaba, sai na ji hannun hagun ya saki. Karo na farko a rayuwata ana yi min kitso ba zafi. Har na ce mata, "Yaya, yau kin karya kumallo kuwa?" Kibiya ta faɗo a kafaɗata ta gangara ƙasa. Da na waiwaya na ga bakinta ya karkace, tana kallona kamar tana neman sunana ta rasa inda ta ajiye shi. Tela ne ya tare mana mota. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta hagu. Hawan jini ne, wanda aka daɗe da gaya mata, ita kuwa tana shan maganinsa kamar gaisuwar maƙwabcin da ba a shiri da shi, sai in an yi kiciɓis.

Na yi jinya da rabin kitso a ƙarƙashin ɗankwali. Da muka dawo gida na tsefe shi, na taje, na ɗaure. Mata da yawa sun ce in zo su yi min, na ce ba yanzu ba. Ban gaya wa kowa dalili ba, don ban son a yi min kallon tausayi ni ma.

Ƙafa ta dawo da wuri, tana ja kaɗan. Baki ma ya daidaita, sai dai magana na fita a hankali. Hannun ne ya ƙi. Yana nan rataye a gefenta kamar jiƙaƙƙen tsumma, hannun da mata suka yi shekaru suna kuka a ƙarƙashinsa.

Sai ƙauna ta sauka a gidan. Duk wanda Yaya ta goya, duk wadda ta taɓa yi wa kitso kyauta, kowa ya ga ranar rama alheri ta zo, kuma ba wanda zai yarda a riga shi. Yaya ta kalli kofi, hannu uku sun isa gare shi. Ta miƙa hannu ga cokali, an riga an ɗebo an kai bakinta. Babbar 'yarta ke ɗaura mata ɗankwali, irin ɗaurin da in Yaya ta ga a kan wata a titi sai ta kawar da kai. In baƙo ya ce, "Ya jiki?" kafin bakinta ya haɗa amsa, wata maƙwabciya ta riga ta ce, "Da sauƙi." Ga shawarwari kuma. Wannan ya kawo man shafawa da ya tayar da kawunsa, wancan ya san wata da ta yi irin wannan ciwo daidai, Allah ya ji ƙanta. Matar da ta yi rayuwa tana cewa bar shi, yanzu kafin ta ce "bar", an gama.

Likitar motsa jiki ce kaɗai ba ta shigo da tausayi ba. Yarinya ce sa'ar 'yar Yaya, ba ta da yawan dariya, kuma na so ta tun ranar farko. Ta ɗaga hannun ta juya shi, ta ce, "Mama, hannun nan ba hutu yake nema ba, aiki yake nema. Ƙwaƙwalwa ce za ta sake koyon hanyar zuwa gare shi, kuma watannin farko su ne masu muhimmanci. In aka bar shi a kwance zai ƙage." Ta ba ta atisaye: matsa soso, ɗaga kofi, tura tsumma a kan tebur. A gida kuwa da Yaya ta fara kokawa da kofin sai wata baƙuwa ta ce, "Haba, ga mu zaune," ta karɓe.

Da Likita ta ji haka, sai ta ara mana wani ɗan akwati daga sashensu. Ana jona shi da talabijin, yana da ɗan ido da ke kallon wanda ke zaune a gabansa. A allon sai ga bishiya, mangwaro na faɗowa, ga kwando da ke bin hannun hagun mai wasa duk inda ya kai shi. Ta ce wannan ba zai maye gurbin atisaye ba, ƙari ne, don hannu ya yi ta motsi mai shi bai gaji da ƙirga ba. Ta kuma ce, "Yana lura da mai shi. In ya ga kina kamawa da yawa, sai ya ƙara sauri, ya mai da mangwaron reshen sama. Don haka ke kaɗai za ki riƙa yi." Lokacin da take wannan bayani Direba ya fita matsar da mota inuwa. Ba wanda ya ga buƙatar maimaita wa dattijo mai farin gemu cewa kada ya taɓa gem, wasan talabijin na yara.

Yaya ta kalli akwatin kamar an ajiye mata mushe a falo. Ita ce fa ta yi shekaru tana korar 'ya'yanta daga gaban gem da tsintsiya, tana cewa aikin marasa aikin yi ne. Ta ce, "Ni za a ba gem? Da furfurata?"

Na ce, "Ai likita ce ta rubuta, Yaya. Ki ɗauka allura ce."

Ranar farko mangwaro ya yi ta zuba a ƙasa, kwando na kwance a gindin bishiya kamar mai shi ta tafi unguwa. Can ta yunƙura, hannun ya ɗan ja gefe, wani mangwaro da Allah ya nufa ya faɗa ciki. Akwatin ya saki tafi da shewa. Yaya ta harare shi ta ce, "Munafuki." Washegari ita da kanta ta ce a kunna.

Abin da ya kama ta ba mangwaro ba ne. Na farko, Yaya ba ta iya faɗuwa a komai ta haƙura, ko da bishiyar ƙarya ce ta kayar da ita. Na biyu, in wani ya gitta a gaban idon akwatin sai kwando ya rikice, don haka dole masu taimako su koma gefe su rungume hannu. A duk faɗin gidan nan, nan ne kaɗai wurin da ba wanda zai iya karɓe mata aiki. Ta riƙa zama a kujerarta kowane hantsi, gumi na keto mata, tana yi wa bishiya faɗa kamar wadda ta zo kitso ta ƙi zama. "Tsaya mana," in ji ta. Hannun ya tashi daga cinya ya kai ciki, ya kai ƙirji. Ranar da ya kusa kafaɗa na shiga kicin na yi kuka na wanke fuska, na fito na ce albasa ce. A ranar ta tambaye ni ko ana share mata shago.

Daga nan abin ya juya. Mangwaro ya fara saukowa kamar ana jifa da shi, kuma daga can ƙololuwa. Kafin Yaya ta ɗaga hannu, ya fashe a ƙasa. Yau ta kama kaɗan, gobe ƙasa da haka, har ta kai ta zauna ta tashi akwatin bai yi mata tafi ko sau ɗaya ba. Na ce mata ni dai a idona abin ya ƙara sauri.

Ta ce, "Auta, kada ki lallashe ni, ba a shago muke ba. Likita ta ce sai in na iya yake ƙarawa. Ni da ba na kama komai, me zai ƙara? Ni ce nake raguwa."

Lissafinta ya fi nawa kama da gaskiya. Ta sa aka lulluɓe akwatin da mayafin tebur. Soson ma ta daina matsawa. Ta koma buɗe baki ana ba ta abinci ba musu, abin da ya faranta ran baƙi ƙwarai, suka ce ai yanzu ta saki jiki. Ni kuwa ina kallon yatsun suna lanƙwashewa cikin tafin hannu, kullum ƙara shiga suke. Wata rana ta kira ni ɗaki ta miƙo min makullin shago da kibiyarta.

"Ki mayar wa mai ɗakin makullinsa. Wannan kuma ki ba duk mai so. Ki je a yi miki kitso, kin ishe ni da ɗankwalin nan."

Na karɓa na jefa a jaka. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da ta faɗi, don ranar jikinta ne ya saki, yau kuwa ita ce ta saki. Kuma na ji haushinta, na ji haushin bishiyar, na ji haushin duk mai hannu biyu da ya shigo gidan.

Ana haka 'yarta ta yi tafiyar aiki, sai ya zama ni zan riƙa zuwa da sassafe in taimaka wa Yaya da wanka. Maganin da take sha na sa ta makara, don haka na shigo a hankali. Tun daga bakin ƙofa na ji tafi da shewa, ƙasa ƙasa, kamar rediyon da ba ta gama farfaɗowa ba. Na tura ƙofar falo. Ga Direba daga shi sai singileti, zaune a kujerar Yaya, ya maƙale hannun dama a bayansa, na hagu na shawagi a sama kamar mai ba motoci hannu a mararraba. Mangwaro na zubowa kamar ƙanƙara, shi kuwa ko ɗaya bai bari ya taɓa ƙasa ba. Mayafin tebur na ninke a gefe, an ninke shi da kyau.

Na ce, "Sannu da aiki, Direba. An samu sabon kamfani ne?"

Bai ko ji kunya ba. Ya ce, "Auta, yi a hankali, tana barci. Ɗumama mata shi nake."

"Ɗumama me?"

"Injin mana. Abu ya kwana cikin sanyi, sai mara lafiya ta zo ta hau shi haka? Na ga yadda take shan wuya da shi a farko, na ce tauri ne na sabon inji. Shi ne nake tashi in ɗan zagaya da shi kafin ta fito. Da hagu nake yi, a kujerarta, don ya saba da ɓangaren." Ya nuna allon da haɓa, yana murmushin uba. "Kin ga yadda ya buɗe? Da can kamar tsohuwar tifa a kan tudu. Yanzu kuwa ji yadda yake gudu."

"Ta daina yi fa."

"Shi ya sa ban fasa ba. Inji in aka ajiye shi lalacewa yake. Duk ranar da ta dawo ta tarar da shi a shirye."

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na gaya masa abin da Likita ta ce lokacin da yake can yana nema wa motarsa inuwa. Na ce akwatin bai san gemu ba, bai san ɗankwali ba, hannun hagu kawai ya sani a kan wannan kujera. Kowace safiya yana ganin Yaya ta warke sarai, sai ya ƙara gudu, da hantsi kuma ta zo da hannunta na gaskiya ya yi mata dariya. Na ce matar nan ta ba ni makullin shagonta saboda ɗumaminsa. Hannunsa ya sauko a hankali. Mangwaro ya ci gaba da fashewa a bayansa, ba mai kamawa.

Hayaniyata ce ta tashe ta. Tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ta dafa bango, ba ɗankwali, ban san daga ina ta fara ji ba. Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta kalli mijinta, ta yi magana a hankali, kalma bayan kalma, yadda bakin ya ba ta dama.

"To, alhamdu lillahi. Kai ka warke. Sai mu kai ka wurin Likita ta sallame ka."

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannun dama.

"Cokalina kun karɓe. Kofina kun karɓe. Gaisuwata ma wata ke amsawa. Abu ɗaya ya rage min a gidan nan, wasan yara, shi ma ashe ana yi min. Me kuka bar min? Ciwon kawai. Shi ne ba wanda ya ce kawo in riƙe miki."

Direba ya sunkuyar da kai. Dattijo ne da ya yi tuƙin dare da rana bai taɓa buge ko akuya ba, ga shi zaune a singileti kamar ɗalibin da aka kama. Ya ce, "Ni ban iya girki ba. Ban iya ɗaura ɗankwali ba. Kowa ya samu abin da zai yi miki, ni ina tsaye kamar baƙo. Inji kaɗai na sani."

Na so in ci gaba da jin haushinsa, abin ya gagara. Yaya ma ta kawar da kai ta kalli taga. Da ta juyo sai ta ce, "Tashi min daga kujera. Ka je ka sa riga."

A ranar muka koma asibiti, ba mu jira ranar da aka ba mu ba. Likita ta ce ita ma ta ga makin da akwatin ke turo mata, har tana shirin rage wa Yaya zuwa, don a ganinta ba ta taɓa samun mara lafiya mai saurin warkewa irin wannan ba. Ta kalli Direba ta ce, "Baba, kafaɗarka lafiya lau." Sannan ta buɗe yatsun Yaya ɗaya bayan ɗaya, fuskarta ta canza. Ta ce sun ƙage fiye da yadda ta bar su, kuma ba za ta yi alkawarin iyakar abin da zai dawo ba. Ta mayar da wasan matakin farko, inda mangwaro ke saukowa kamar yana jin barci. Ta ƙara atisayen yatsu, masu zafi.

Yaya ta dawo gida ta kafa doka. Duk wanda ya taɓa mata kofi, shi zai shanye abin da ke ciki ya tafi gidansu. In an gaishe ta, a jira ta amsa, ko da za a kai la'asar. Ta zubar da shayi a zani, ta yi ɗaurin ɗankwalin da ya fi na 'yarta muni, ta hana a gyara. Baƙi suka ragu sosai, tunda an rufe musu hanyar samun lada, wasu har suka ce ciwon ya taɓa mata hali. Ni dai na san halin nan tun ina rarrafe.

Direba kuwa an yanke masa hukuncin kallo. Yakan zauna a gefe, nesa da idon akwatin, ya danne hannayensa biyu a ƙarƙashin cinya. In mangwaro ya taho sai jikinsa duka ya karkata, ƙafarsa ta dama na taka birkin da babu, kamar direban da aka sa a kujerar fasinja. In ta kama, ya ce, "Yawwa." In ta rasa, ya haɗiye. Sau ɗaya ya ce ko a ɗan kunna akwatin ya yi minti kaɗan kafin ta zauna, ba wanda zai taɓa, ya dai sha iska. Kallon da ta yi masa ya sa bai sake ba.

An daɗe. Hannun ya koma ƙirji, ya wuce kafaɗa, bishiya ta ƙara sauri, wannan karon da guminta. Yatsun ne suka yi ta gardama. Babban yatsa da manuni suka fara haɗuwa, sauran na biye a baya kamar an tilasta musu. Ba ta sake maganar shago ba, ni ma ban ce mata makullin na nan a jakata ba.

Wata rana da hantsi na shigo na tarar ta kashe talabijin, ta sa an fito mata da kujera bakin ƙofar falo inda haske yake. Ta ce, "Auta, kibiyar nan wa kika ba?"

"Ban samu mai so ba."

"Na sani. Kawo. Ki cire wannan tsumman ki zauna."

Na zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Ta taje, tana tsaki, tana cewa kaina ya koma kamar sheƙar tsuntsu. Ta tsaga da hannun dama, tsaf kamar da. Sannan na ji na hagun ya zo. Ya lalubi gashin ya kama, ya suɓuce, ya sake kamawa. Riƙon ba shi da ƙarfi ko kaɗan, kamar jariri ya kama yatsa. Ina jin numfashinta a ƙeyata. Sai na ga ya kamata in ƙarfafa mata gwiwa. Na noƙe wuya na ce, "Wash, Yaya, a hankali."

Ta tsaya cak.

"Ke ma ɗumama min injin za ki yi?"

Daga can cikin falo na ji Direba ya yi gyaran murya, ya tashi ya fita wurin motarsa.

Ta ci gaba. Layi ɗaya ne, ya ɗauke ta lokacin da a da take gama rabin kai, kuma ko ba madubi na san ya karkace. Sau biyu ya warware ta koma baya, ban ce komai ba, ban ɗaga hannu na riƙe mata ba, duk da hannuna na ƙaiƙayi. Da ta gangaro kusa da ƙeya, inda gashi ke da laushi, sai yatsun suka rufe. Suka ja. Zafi ne ɗan kaɗan, bai fi cizon tururuwa ba, amma na gaske ne, kuma na san shi tun ban san sunana ba. Ban yi magana ba. Wuyana ne ya motsa da kansa, hawaye suka zubo min a kan zani.

Yaya ta ji motsin a hannunta. Ta ɗan dakata, na ji ta ja numfashi. Sai bayan mataji ya sauka a tsakiyar kaina.

"Raki," in ji ta. "Tsaya mana."

Na tsaya.